Shekarar da Tafkinmu Ya Yi Garau

Shekaranjiya ina koya wa wata maƙwabciyata haɗa sabulun ruwa a tsakar gida, na manta ban sa safar hannu ba, ruwan sodar ya ɗan taɓa mini yatsu. Ba zafi na fara ji ba, santsi na ji. Na murza babban yatsa da manuni, suka zame wa juna. Matar tana ta tambayata cokali nawa za a ƙara, ni kuwa wallahi ba na wurin. Ina can bakin tafkin ƙauyenmu, ina 'yar shekara tara, da irin wannan santsin a jikina tun daga gashi har tafin ƙafa.

Ƙauyenmu yana bayan kamfanonin Challawa, in ka bar titi ka gangara ta cikin gonaki. Daga bayan gidanmu ana hango bututun hayaƙi, kuma jiniyar canjin ma'aikata ce agogonmu, da ita Innarmu take sanin lokacin ɗora tukunya. Babana yana aiki a wani kamfanin jimar fatu. Kullum yakan dawo da wani wari da babu sabulun da yake fitar da shi, bayan hannuwansa duk sun tsattsage, har Inna ta ware masa bokitinsa da kwanonsa na wanki. Ba mutum ne mai magana ba. Abin da ake yi a cikin katangar nan ba mu taɓa ji daga bakinsa ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Tafkin yana gabas da gari. Da rani yakan ja baya ya bar laka mai tsagewa, amma bai taɓa ƙafewa ba. Da damina kuwa wani kwari ne yake cika shi, kwarin da ya biyo ta bayan katangun kamfanoni kafin ya iso mu. Kada ka ɗauka wani kyakkyawan ruwa ne. Ja ne jawur da laka, ga bado, ga kainuwa, ga kwaɗi da ba sa barin kunne ya huta, ga uwa uba matsattsaku. Da wuya ka fito ba ka ga ɗaya maƙale a ƙwaurinka ba, sai an barbaɗa masa toka ya saki. Duk da haka a wurinmu yara babu abin da ya kai shi. A nan muka koyi iyo, a nan mata suke wanki, a nan ake shayar da shanu, mai dawowa daga gona kuma a nan yake alwala.

Sai dai tafkin yana da doka. Idan ya cika da sabon ruwa babu yaron da yake tsoma ƙafa sai kakanmu ya duba. Shi ne limamin ƙauyen, kowa Malam yake ce masa. Yakan bari ruwan ya kwanta kamar mako biyu, sannan ya zaɓi wata Alhamis da ba mu da makarantar allo, ya ɗauki ɗan ƙoƙonsa ya nufi tafki, gari na biye da shi. Zai ɗebo ruwan ya ƙura masa ido, ya shinshina, ya kurɓa ya kurkure baki ya tofar. Abin da ya karanta a fiƙihu da shi yake aiki: ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa ko warinsa ko ɗanɗanonsa bai jirkita ba, in kuma ƙasar da yake kwance a kai ce ta jirkita shi, babu laifi. Shekara da shekaru wannan gwajin bai taɓa ba shi kunya ba. Ya taɓa hana shiga wata shekara, da aka bincika sai ga mushen jaki a cikin kainuwa.

Akwai abu ɗaya da sai na gaya maka, in ba haka ba za ka ce babana sakarai ne, kuma ba sakarai ba ne. Shi ɗan fari ne a wurin Malam. A gidanmu an riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Malam bai taɓa kiran sunansa ba, ba sa zama a tabarma ɗaya, ba sa haɗa ido. Da safe Baba zai durƙusa daga bakin zaure ya ce, “Allah ya gafarta Malam,” Malam ya amsa yana kallon wani gefe, shi ke nan zancen yini ya ƙare. Duk wata magana mai nauyi ta bakin kakarmu take bi. Inna kuwa suruka ce, ko hanya suka haɗa sai ta ratse. Ni ce kaɗai a gidan nake shiga ɗakin Malam kai tsaye, don ni ce babbar jikarsa, wasa ne tsakaninmu. Yana ce mini amaryarsa marar iya tuwo, ina ce masa tsoho mai haƙori huɗu. Ban taɓa yi masa magana ba da wasa ba, shi ma haka.

To, a shekarar da nake ba ka labari, sai tafki ya canza. Bayan ya cika, maimakon ja sai ya riƙa washewa, kullum yana ƙara haske, har aka wayi gari kana tsaye a baki kana ganin tsakuwar ƙasa. Matsattsaku suka ɓace. Mata suka ce wanki ya yi sauƙi, sabulu kaɗan sai kumfa. Kowa murna yake, ana cewa tafki ya warke. Kakarmu ce kaɗai na ji ta ce ita shirun kwaɗin nan bai kwanta mata ba, amma ba wanda ya bi ta kanta, kuma a makon aka aiko 'yar'uwarta ba lafiya a Na'ibawa, ta tafi jinya. Inna tana ɗaki, kwananta goma da haihuwa. Ranar Talata aka tafka ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ranar Laraba Malam ya sanar a masallaci cewa gobe zai duba tafki.

Ni da ƙanwata muka kasa zaune muka kasa tsaye don ɗoki. Shekararta shida a lokacin, 'yar firit da ita, amma a ruwa kifi ce. Ta fi ni kurme nesa ba kusa ba, kuma idonta biyu a buɗe take nutsewa.

Da sassafe ranar Alhamis ina shara, Baba ya fito da kekensa zai tafi aikin safe. Ya wuce ni, sai ya dawo da baya. Ya jingine keken ya tsuguna har fuskarsa ta zo daidai da tawa, abin da bai taɓa yi ba. Idanunsa sun yi ja. Ya yi ƙasa da murya ya ce, “Ki saurare ni da kyau. Ki je ki gaya wa su Malam, akwai ramin da muke tara ruwan farar ƙasa da maganin cire gashin fata. Ya daɗe yana yoyo cikin kwari, shekaranjiya kuma da ruwan sama aka buɗe shi gaba ɗaya. Yana cikin tafki. Kada su bar kowa ya shiga. Ki ce ni na ce.” Ya sa na maimaita, na maimaita tsaf. Ya leƙa ya gaya wa Inna kada ta bar mu mu fita, jiniya ta yi kuka, ya hau keke ya tafi yana waiwaye.

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Tun rani nake jiran ranar nan, ga ruwa ya yi kyan da bai taɓa yi ba, a ce kuma ni da bakina zan je in rufe shi? Yaran gari ai sai su cinye ni ɗanya. Na ce a raina, Baba dai tsoro ne da shi, ruwan da ake ganin ƙasansa me zai yi wa mutum? Amma kuma saƙo ne, ba a cin saƙo a gidanmu. Sai na nemi hanyar da zan faɗa ba tare da na faɗa ba.

Na tarar da Malam yana goge ƙoƙonsa da gefen rawani. Na tsaya a bakin ƙofa na riƙe ƙugu na ce, “Tsoho, yau ma za ka je lasar tafki? To an ce ruwan kamfani ne a ciki, sai ya ƙarasa zubar maka da haƙoran.”

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ɗan tsaya, ya dube ni ya ce, “In ji wa?”

Wallahi har yau ina jin tambayar nan a kunnena. Kalma uku ce kawai, in ji Baba. Da na faɗe ta da ya ajiye ƙoƙon, don ya san ɗan nan nasa ba ya aiko da maganar banza. Na buɗe baki na ce, “In ji ni.”

Ya ce, “Ja'ira, so kike ki hana mijinki wanka,” ya ɗauki sandarsa.

Da hantsi gari ya taru a bakin tafki. Inna ta ce ba inda za mu, amma mai jego da jariri a hannu ina za ta iya tsare yara biyu? Muka sulale ta bayan danga. Malam ya tattare riga ya tsuguna ya ɗebo. Ya duba, ruwa garau, har ana ganin zanen cikin ƙoƙon. Ya shinshina, ya sake shinshinawa. Ya kurɓa ya kurkure, sai na ga ya yamutsa fuska, ya tofar. Rabin zuciyata tana roƙon Allah ya sa ya hana, rabi tana roƙon ya bari. Ya murza ruwan a yatsunsa. Wani dattijo ya ce, “Lafiya, Malam?” Ya ce, “Kanwa-kanwa yake. Daga ƙasa ne, ruwan shekaranjiya ya tono ta. Kanwa kuwa ko dabba magani ce gare ta. Ku shiga da bismillah.”

Kafin ya rufe baki yara sun faɗa ruwa. Ni ma na faɗa, kada in yi maka ƙarya. Ruwan da ɗumi, ga santsi kamar an narka sabulu a ciki, muna ta shafa hannuwan juna muna dariya. Karo na farko a rayuwarmu muna ganin ƙafafunmu a cikin tafki. Sai wani ya kawo wasan jefa murfin kwalba, a nutse a ɗauko. Wa zai ja da ƙanwata a nan? Sau uku tana riga kowa. A na huɗu aka cilla murfin can wajen bakin kwari, inda ƙasan ya yi fari fat kamar an zuba ƙullu. Ta nutsa. Na ga farin abin ya tashi ya turnuƙe ta. Da ta ɗago ba ta ɗago da murfi ba, hannuwanta biyu a kan fuska, ta ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. “Yaya, idona! Yaya, wuta!”

Ban san yadda na jawo ta ba. Na goya ta ina gudu, jikinta yana zamewa daga bayana saboda santsi, ina gyarawa ina kuka. A bayanmu sauran yara sun fara fitowa suna susa, idanu jajaye, wasu fatar tsakanin yatsunsu ta yi fari ta saɓule. A gida Inna ta rasa abin yi, ta matsa mata ruwan nono a idon kamar yadda ake yi wa jarirai. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce a sa kwalli, aka sa. Ba wanda ya ce a wanke da ruwa, don a ganin kowa ai ruwa ne ya jawo. Idon hagu ya kumbura ya rufe ruf, na dama yana ta zubar da hawaye, ita kuma ta gaji da ihu ta koma nishi.

Na fita na tsaya a kan hanyar gonaki ina jiran jiniyar azahar. Ban taɓa ganin rana mai nauyin tafiya irin ta ranar ba. Jikina yana ƙaiƙayi ban ko iya susa ba. Ina so Baba ya zo, ina tsoron ya zo. Duk keken da na hango sai in ɗauka shi ne. Da ya iso bai tambaye ni komai ba. Ya sa hannu a gashina da bai gama bushewa ba, ya murza yatsunsa, ya kai hanci. Ya saki keken a nan kan hanya ya ruga gida.

Ya kwantar da ita a tsakar gida, ya buɗe idon da ƙarfi tana ta fizge-fizge, ya ce in riƙa zuba ruwan randa kada in tsaya. Randa ta ƙare, aka jawo na rijiya, muka yi ta zubawa. Ya ce haka ake yi musu a wurin aiki in abin ya fallatsa wa mutum, amma nan take ake yi, ba bayan rabin yini ba. Daga nan ya ɗaure ta a bayansa da zanen Inna, ya hau keke zuwa titi, suka shiga mota sai asibiti a birni.

Kwana tara suka yi. A kwanakin nan ban ci abincin kirki ba. Kullum sai in rufe idona ɗaya da tafin hannu in zagaya tsakar gida, in ga yadda duniya za ta zame mata, sannan in rufe duka biyun, in ji tsoro in buɗe da sauri. Abin da ake ta faɗa ke nan a gari, ko ɗaya za a ceto, ko babu ko ɗaya. Malam ya sa aka sare ƙaya aka kewaye tafkin. Ya daina fitowa zaure in ba salla ba.

A rana ta uku Baba ya dawo ɗaukar kaya. Ina bayan ƙyauren zaure lokacin da ya durƙusa zai yi gaisuwarsa ya wuce. Sai na ji Malam ya ce, “Tsaya.” Ya juyo ya dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Ya ce, “Ka san abin da yake cikin ruwan nan?”

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, “Na sani, Allah ya gafarta Malam. Na aiko.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tabbata Malam ya ga ƙafafuna ta ƙarƙashin ƙyauren, don wajen ya kalla. Can ya ce, “Haka ne. An gaya mini. Ni ne ban ji ba.” Baba ya tashi ya shiga gida yana share fuska da hularsa. Har Malam ya bar duniya bai taɓa tayar mini da zancen ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da tsokanata kamar da, ni ce dai bakina ya mutu, ban sake iya rama masa ba.

An ceto idon dama. Na hagu ya yi fari da hakiya, ba ta gani da shi har yau. Baba bai bar aikin ba, da me zai ciyar da mu? Wasu manya daga kamfanin sun zo sun zagaya kwarin, aka toshe ramin, bayan damina biyu kwaɗi suka dawo. Ni dai ban sake tsoma ko yatsa a tafkin ba.

Na riƙe maganar nan a cikina fiye da shekara talatin. Bara ne, ina gidan ƙanwata a Zawaciki muna tsinke zogale, 'yarta ta tambaye ta me ya sami idonta, ta ce tafki ne ya ci. Da yarinyar ta fita sai na ji ba zan iya ƙara kwana da abin ba. Na gaya mata komai, tun daga tsugunawar Baba har “in ji ni.” Na gama ina jiran ta tashi ta bar mini wurin. Ba ta daina tsinkar ganyen ba. Ta ce, “Yaya, ai ina bayan randa lokacin da Baba yake ba ki saƙon. Duk na ji. Na bi ki har ƙofar Malam, na ji abin da kika ce, na yi ta murna. Ni duk shekarun nan cewa nake alhakin ƙin jin maganar Baba ne ya kama ni.” Muka zauna muna kallon juna, mata biyu da furfura, kowacce ta yi shekara talatin tana ɓoye wa 'yar'uwarta abu ɗaya. Muka yi kuka har zogalen ya yi yaushi a tire.

Yanzu ƙauyen namu ya zama unguwa. Gonakin sun koma filotai, gidajen bulo sun ci rabin tafkin, sauran rabin yana nan a bayan wani gidan buredi, kwatoci uku suna zuba a ciki. Babu limamin da yake zuwa da ƙoƙo, babu kuma wanda ya maye gurbinsa da wani abin gwaji. Da daminar nan na wuce a adaidaita sahu, na ga yara sun fi ashirin a ciki suna tsalle, 'ya'yan mutanen da ban sani ba. Na sa mai adaidaitar ya tsaya, na sauka na yi ta ɗaga murya ina cewa su fito. Suka tsaya suna kallona, ruwa yana ɗiga daga gashinsu. Wata 'yar ƙarama, ba za ta wuce shekara shida ba, ta murza idonta da bayan hannu ta ce, “Hajiya, ai ba zurfi.” Ta toshe hanci ta sake nutsewa, ni kuma na tsaya a bakin ruwan ina jiran ta ɗago.